Facin Tayar Baya

Ku da kuka cika min waya da tambayar ko na amince da likitan nan, ku ɗan ja numfashi ku karanta wannan tukuna. Sababbin zuwa kuma, sunana Titrit, shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji uku a ƙauyen da ke gaba da namu, Ait Tamlal, can saman duwatsun Atlas. Kullum a keke nake zuwa aiki. Keken Babana ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Tayar bayansa ta taɓa yagewa, Baba ya yanko wani ɓangare na tsohuwar tayar mota ya ɗinke wurin da waya, shi ya sa in ina tafe ake jin ɗis, ɗis, kamar mai ɗingishi. Ku riƙe facin nan a ranku, za mu dawo kansa.

Likitan sunansa Naufal, mai cire haƙori ne a Kasablanka. Ƙanwar Innata, Lalla Zaina, ita ta haƙo mana shi. Ta je ya duba mata haƙori, tana kwance baki a hangame ta gano ba shi da mata, kafin allurar ta sake ta har ta nuna masa hotona. Tun daga ranar Inna ta daina barci da ido biyu. Da safe likita, da rana likita, in na ɗauki tsintsiya likita. Ta ce sa'o'ina duk sun yi goyo na biyu, ni kuma keke ya mayar min da ƙafafu irin na 'yan dako, in ban yi hankali ba da shi za a ɗaura min aure. Baba dai bai taɓa cewa uffan ba, shi ba ya cikin masu tura 'ya.

Ranar da zai fara zuwa Inna ta shafe tsakar gida da farar ƙasa, ta fito da shimfiɗun da ba a taka su sai da salla, ta sa koren kaftaninta mai zaren zinari. Ni ma aka tilasta min sa ruwan toka mai ɗinkin hannu a wuya, har da kwalli. Muna ta sauraron ƙugin mota. Ashe bawan Allah ya ajiye motarsa a inda kwalta ta ƙare, ya hau keke ya ƙaraso. Sai ga mutum ya shigo mana gida da hular kwano, da baƙin tabarau, da wani wando da ya manne masa kamar fatar jikinsa. Inna ta rasa inda za ta ajiye idonta. Baba ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da tsohuwar jallabiyarsa ta ulu ya miƙa masa, sannan ya ce masa sannu da zuwa.

Ko kunya bai ji ba. Yana shan shayi yana ba mu labarin kekensa, wai an ƙera shi ne musamman domin hanyar burji da tsakuwa, wai butar shayin Inna ta fi shi nauyi, har ya roƙi Baba ya ɗaga shi da yatsa ɗaya. Ya ce shi abin da yake nema a duniya shi ne hanyar da mota ba ta bi. In ya samu sai ya zana ta a taswira ya ɗora a shafinsa, dubban mutane su biyo sawunsa. Ya lumshe ido ya ce wa Inna, "Lalla, ba ku san irin ni'imar da kuke ciki ba. Babu hon, babu hayaƙi."

Mu da muka shekara arba'in muna roƙon kwalta. Mu da in naƙuda ta zo wa mace da gardama, a bayan alfadari ake gangarawa da ita. Ga wani ya taso daga inda asibiti yake bakin ƙofa yana taya mu murnar rashin mota. Na dube shi daga hular zuwa takalmin da ke ƙwas-ƙwas a kan daɓen Inna, na ji raini ya cika min ciki har wuya. Inna kuwa sai ƙara masa amlu, wato niƙaƙƙen almon da zuma na dangwala burodi, take a faranti tana cewa gaskiya ne, likita, gaskiya ne.

Zuwansa na uku ne ya taka ni. Ya tarar da kekena a jingine a zaure, ya zagaya shi yana dariya, ya latsa facin da yatsa ya ce wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai shi. Daga nan ya nuna min wata 'yar na'ura da ke ɗaure a kan nasa keken, ya ce kaf kwarin nan babu hanyar da ba ta cikinta, ya riga ya gama da mu. Ni kuma, 'yan'uwa, Allah ya yi ni da zuciya. Na ce masa akwai wadda na'urarsa ba ta sani ba. Ya ce babu. Na ce ya zo ranar Asabar da sassafe.

Sama da ƙauyenmu akwai makiyayar gari, fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin duwatsu biyu. Duk shekara in ƙanƙara ta narke, dattawa sukan rufe shi. A tara duwatsu a bakin hanya a shafe su da farar ƙasa, daga nan ko mutum ko akuya babu mai saka ƙafa sai ciyawa ta nuna ta zubar da iri. Shi ne agdal, kuma da shi tumakinmu ke rayuwa in rani ya yi tsanani. Wanda ya keta, gidansu zai yanka rago ya ciyar da gari. Baƙo ba ya laifi, laifin na wanda ya ja shi ne. In kuwa daga gidan mai gadi ɓarnar ta fito, sandar gadi ta bar gidan ke nan. Babana, Idder, shekara goma sha tara yana riƙe da sandar nan. Ba a biyansa komai. Amma in ya shiga masallaci ana matsa masa a sahun gaba, kuma in ya ce ya gani, babu mai cewa ya rantse.

Duk wannan na sani. Na kuma san wata 'yar tsaga a bayan tsohon gidan niƙa, wadda ke hawa ta ɓulla tsakiyar makiyayar ba tare da an bi ta gaban fararen duwatsun ba. Baba ne ya nuna min ita ina 'yar shekara bakwai, ina kan wuyansa. Asabar kuma ranar kasuwa ce, tun asuba yake gangarawa ba ya dawowa sai la'asar. Na ce wa Inna zan nuna wa likita makarantarmu. Ta cusa min burodi da cuku a jaka, ta ce kada mu yi sauri.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin hawan nan. Ni da kaftani a ɗaure a ƙugu da wandon Inna a ciki, a kan keken gidan tarihi, na bar shi a baya yana haki yana tsotsar wani abu mai zaƙi daga 'yar leda. Sau biyu ina tsayawa ina jiransa, ina tambayarsa ko in karɓar masa keken tunda ba shi da nauyi. Da muka ɓulla sama sai ya ja birki ya tsaya. Ciyawa har gwiwa, furanni ja da rawaya, tsohuwar hanyar alfadarai ta ratsa tsakiya da tsakuwa mai laushi, babu motsin komai sai iska. Ya cire tabaran, na ga idonsa ya kawo ruwa. A wannan ɗan lokacin, Allah ya sani, saura kaɗan ya burge ni.

Na ce ya kashe na'urar, kuma kada ya ɗauki hoto ko ɗaya. Na gaya masa an rufe wurin, na gaya masa ko wane ne Babana a nan. Ya dafa ƙirji.

"Wallahi, Titrit, daga ni sai ke."

Ya danna wani abu, fuskar na'urar ta yi duhu. Ni ina zan san agogon hannunsa ma yana rubuta duk inda ya taka? Muka ratsa makiyayar, muka gangaro ta ɗaya ɓarin, na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta ci gasa.

Ranar Talata ina cin abinci a makaranta na leƙa shafinsa, don in samu abin yi wa dariya. Sai ga jan layi ya hau ta bayan gidan niƙa ya ratsa agdal, ga hotuna, ga suna da manyan baƙaƙe: Hanyar Naufal, kilomita goma sha huɗu, babu mota, babu mutum, babu wanda ya taɓa bin ta. Babu wanda ya taɓa bin ta. Kakannina da alfadaransu ashe iska ce ta ɗauke su. Nan take na rubuta masa.

"Ka cire wannan yanzu."

"Haba gimbiyar dutse. Talla nake wa ƙauyenku, wata rana za ku gode min."

"Ka rantse min. Na ce maka an rufe wurin."

"Ciyawa ce fa, Titrit. Za ta sake fitowa."

Ya biyo da 'yar fuska mai dariya da hawaye. Na kira shi sau bakwai, ya ce yana da mutum a kan kujera.

Lahadi da hantsi masu bin shafinsa suka iso, su goma sha ɗaya, maza da mata, kowa cikin irin wandon nan, kala-kala kamar an zubar da alewa. Suka ratsa ciyawar, wasu a kan hanya, wasu a inda ransu ya so. Suka shimfiɗa mayafi suka ci abinci a tsakiya. Da suka gangaro bakin hanya suka ga fararen duwatsu a tare, sai suka ɗauka kayan wasa ne, suka rushe su suka jera wata doguwar hasumiya. Nan Baba ya tarar da su, shi kaɗai da sandarsa. Yana yi musu magana suna murmushi suna ɗaukarsa hoto. Wata ma ta roƙe shi ya ɗan ɗaga sandar sama, haske ya fi kyau ta nan. Maƙwabcinmu ne ya ba mu labari. Baba da ya dawo bai ci tajin ɗin, wato dafaffen naman da Inna ta ajiye masa ba.

Makon nan gaba ɗaya kullum na dawo daga makaranta sai in tarar da shi zaune a zaure. Ya karɓi keken, ya kifa shi, ya ɗiga wa sarƙar mai, ya juya tayar baya a hankali yana kallonta tana zagayawa. Sai ya ce, "'Yata, babu abin da ke damun keken nan?" In ce babu, Baba. Ya gyaɗa kai ya miƙo min. Sau uku yana yi min tambayar nan. Ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidan, har tausayinsa nake ji, wai tsufa ya fara sa shi maimaita magana.

Inna kuwa ko a jikinta. Lalla Zaina ta bugo waya ta ce dangin likita za su zo ranar Juma'a da sukari. A wurinmu in masu neman aure suka kawo dunƙulen sukari, aka fasa shi aka yi shayi da shi, to an ba su. In aka mayar musu da shi a naɗe, sun gane. Inna ta fito da 'yar gudumarta ta tagulla da ake fasa sukari da ita, ta goge ta da lemon tsami har tana ɗaukar ido. Da na ce mata dattawa ma ranar Juma'ar za su zauna kan maganar agdal, sai ta ce ina ruwanmu, baƙo ai ba ya laifi.

Yanzu ga abin da ban so in rubuta ba. Da safiyar Juma'ar na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na tura wa mutumin da na raina saƙo. Na ce, "Don Allah in sun tambaye ka, kada ka ambaci sunana." Ni, Titrit, har da don Allah. Amsa ta zo nan take.

"Kwantar da hankalinki. Ai dama ni na gano hanyar."

Na zauna ina kallon rubutun. Ba rufa min asiri yake yi ba, ya riga ya yarda da ƙaryarsa ne. Amma na ji sanyi a raina, kuma wannan sanyin shi ne abin da har yanzu nake jin kunyarsa.

Naufal ya iso da mahaifiyarsa, tana gaban motar ɗaukar kayan kasuwa, wadda ita kaɗai ke iya hawo mana jifa-jifa, da awarwaron zinari har gwiwar hannu, tana toshe hanci da hankici saboda warin garke. Aka ajiye dunƙulen sukari biyu a kan tire, a naɗe cikin shuɗiyar takarda. Ruwa bai kai ga tafasa ba Dadda Bihi, babban dattijon gari, ya yi sallama a ƙofa. Ya ce tunda Allah ya kawo baƙon, ya zo harabar masallaci bayan an sauko, tambaya ɗaya za a yi masa.

Mu mata muka hau rufin gidan da ke jikin masallacin, inda muke jin komai ba a ganinmu sosai. Naufal ya miƙe cikin sabuwar farar jallabiya da ko karin kanti bai fita daga jikinta ba. Tambaya ɗaya aka yi masa, wa ya nuna masa hanyar. Ya yi musu lacca. Ya yi maganar tauraron ɗan'adam, ya yi maganar yadda yake karanta jikin dutse daga taswira, ya ce irinsa ba a nuna masa hanya. Tsofaffin da rabinsu ba su san me yake faɗa ba suna ta gyaɗa kai. Na ga kafaɗun mutane sun sauka, don babu wanda ke son a ce daga cikin gari abin ya fito. Dadda Bihi har ya fara ɗaga hannu zai shafa fatiha, sai ya juya don cika al'ada.

"Idder, kai ne idon gari. Haka ka gani?"

Baba ya dogara sandarsa ya miƙe. Bai dubi rufin da nake ba.

"Na ranar Lahadi sun yi yawa, ba sa ƙirguwa, Dadda. Amma Asabar ɗin da ta gabace ta, da na dawo daga kasuwa na hau da yamma. Sawun keke biyu na gani. Ɗaya sabuwar taya ce mai haƙora. Ɗayar tana da faci a baya. Ni na ɗinka shi."

Matan da ke gefena suka ja jiki kaɗan, ba wadda ta kalle ni. Baba ya sunkuya ya kwantar da sandar a ƙasa gaban Dadda Bihi.

Tsohon ya ce ya ɗauki abarsa, yarinta ce, a yanka rago a wuce wurin. Baba ya girgiza kai. Ya ce bara saboda akuya ɗaya ya sa gidan wata bazawara suka yi yanka, da wane ido zai kalle ta. Sannan ya ƙara da abin da ya tsinka min zuciya.

"Kuma kwana goma sha uku na yi shiru, ina jira ta faɗa da bakinta. Mai gadi ba ya jira. Wannan laifin nawa ne ni kaɗai."

Kun san me Naufal ya yi? Ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, ya ce a yi masa adalci, ko da an raka shi, shi ne ya fara auna tsawonta. Ni kuma da na kwashe wata biyu ina raina shi, na tsaya a kan rufin nan na rasa wanda ya fi cancantar rainin tsakanina da shi. Shi aƙalla bai san abin da yake takawa ba.

Kafin la'asar mahaifiyarsa ta ce kanta na ciwo, suka gangara masaukin da ke bakin kwalta, suka bar sukarin a kan tire. Inna na zaune gabansa da gudumar a hannu tana sharar hawaye, tana cewa ai yanzu ne ma ya kamata a fasa, wa zai sake kallon 'yar gidan da aka karɓe wa sanda. Baba ya shigo. A bakin ƙofa hannunsa ya kai bango, inda ya saba jingine sandar, sai ya tsaya ya dubi tafinsa. Daga nan ya ɗauki dunƙulen biyu ya fita da su zaure, ya ɗaure su tam a kariyar kekena da igiyar da yake ɗaure buhun sha'ir.

Na bi shi na durƙusa, na ce Baba.

"Tashi, 'yata. Sukarin nan naki ne. Ko ki kwance ki miƙa wa uwarki ta fasa, ko ki mayar musu. Ban sa ki ba, ban hana ki ba. Amma duk inda za ki, ki bi ta hanyar kowa."

Yana rufe baki wayata ta yi ƙara a aljihu. Naufal ne.

"Babanki ya kunyata ni a gaban mutane, amma na yafe masa saboda ke. Mutum sittin sun sa suna za su bi hanyar jibi Lahadi. Zan iya goge ta daga shafina yau ɗin nan. Ki fara turo min hoton sukarin a fashe."

Na karanta sau biyu. Mutum sittin a kan ciyawar da ba ta zubar da iri ba, kuma gari ba shi da mai gadi. Na ɗago na dubi Baba. Yana tsaye a bakin zaure yana kallon dutsen, hannunsa na dama a dunƙule a kan babu.

Na koma ciki na zare gudumar daga hannun Inna, na jefa ta a jaka. Tana tambayata ina za ni. Na tattare kaftanina na hau keke, na bi ta tsakiyar gari, ta gaban masallaci, ta gaban duk wanda ke son ya kalle ni, tayar baya tana ɗis, ɗis. Har na wuce gidan niƙa na kama gangaren da ke kai wa kwalta, ban yanke abin da zan fasa da gudumar ba.